Tufafin da Kuka Manna wa Zanen Ɗana

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Greensboro, da dukkan 'yan kwamitin bikin Ranar Al'adu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, da fatan gajiyar biki ta bi lafiya.

Ni ce Hajiya Binta, wadda yawancinku kuka fi sani da Hajiya mai masa, domin tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa yin taro ba tare da kulolina ba. Alhaji, na kira ka a waya bayan abin da ya faru ranar Asabar, ka ce min in yi haƙuri, magana ta wuce, kada a tayar da ƙura. A wurinka ta wuce. A gidana yanzu ta fara. Shi ya sa na rubuto wannan takarda, kuma zan saka ta a zaurenmu na WhatsApp, inda aka yi ta yaɗa hotunan, domin wanda ya ga hoto ya ga bayaninsa.

Maganar ɗana ce, kuma ɗan fari ne. Kun san mu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Shekara talatin ina ce masa Yayansu, ko in ce "wannan yaron". Yau na ajiye kara. Sunansa Bashir, kuma haka zan kira shi har ƙarshen takardar nan, don kada wani ya ce bai gane wanda nake nufi ba.

Na farko, ku kuka nema.

Bashir bai roƙi kowa a rataya masa zane ba. Ya yi shekaru bai taka taronmu ba, kuma kun san dalili, tunda ku ne masu yin tsit idan ya shigo, ku ci gaba da hira da zarar ya ba da baya. Da wani gidan baje zane-zane a tsakiyar gari ya nuna aikinsa, hotonsa ya fito a jarida, sai aka wayi gari ya zama "ɗanmu". Kai da kanka, Alhaji, ka tare ni a wurin ajiye motoci na shagon kayan abincin nan na Gate City Boulevard, ina kokawa da buhun shinkafa, ka ce abin kunya ne Turawa su san darajar yaronmu mu ba mu sani ba. Ka ce kwamiti na so ya kawo zanensa a Ranar Al'adu, a ba shi bango guda.

Ban ɓoye maka komai ba. Na ce maka zanensa na jikin maza ne, yawancinsu ba riga. Na fito da wayata in nuna maka. Lokacin kana amsa wani kira, ka kalli wayar da gefen ido, ka ce masha Allah, ai fasaha ce. Shi ma Bashir ya aika wa sakatarenku saƙo cewa yana da zanen gonaki da tsofaffin rumfunan taba na wajen McLeansville inda yake zaune, idan sun fi dacewa da taron sai ya kawo su. Aka amsa masa cewa a'a, waɗanda suka shiga jarida ake so. Saƙon yana nan, na gani da idona.

Duk da haka bai so ba. Ya ce min ba za ku so su ba, ya san ku. Ni ce na zauna a kansa, na yi ta lallashi, na ce mutane suna canzawa, na ce wannan hannu ne aka miƙo masa, kada ya bari ya faɗi ƙasa. Ina so ɗana ya shiga cikin mutanensa ya zauna a kujera kamar ɗan kowa, wannan kaɗai ne burina. Ranar Alhamis ni na tuƙo zanen da kaina, kowanne a cikin firam ɗinsa da gilashinsa, na naɗe su da barguna, ina tafiya a hankali har motocin baya suna min ham. Na danƙa su hannun kwamiti a zauren da kuka kama haya.

Na biyu, ga abin da na danƙa muku, tunda na ga alama ba ku sani ba.

Zanen Bashir na fentin ruwa ne. Ba irin fentin bango ba ne da za a shafe a sake. Takarda ce mai kauri ta auduga, yakan jiƙa ta, ya shimfiɗa a kan katako, ya kafe gefunanta, sannan ya fara ɗora launi siriri kamar ruwan shayi. Ya jira ya bushe, ya ɗora wani a kai. Na sha zama a garejinsa ina kallonsa. Ni da na ɗauka idan za a zana baƙin mutum baƙin fenti ake ɗebowa, sai na ga bai taɓa ko kallon baƙin ba. Shuɗi yake sawa, da ja, da ruwan goro, da wani mai kama da ruwan zoɓo, ɗaya bisa ɗaya, har fatar ta fito tana sheƙi kamar ka taɓa ka ji ɗumi. Inda haske ya faɗa a kafaɗa kuwa ba farin fenti ba ne, takardar ce ya bari. Idan hannu ya kuskure, shi ke nan, aikin mako biyu ya tafi kwandon shara. Ko atishawa ba na yi kusa da teburinsa.

Mazan da yake zanawa ba irin na allon talla ba ne. Akwai dattijo mai ƙaton tumbi zaune a bakin gado yana yanke farce. Akwai wani siriri da ƙashin haƙarƙarinsa ya fito, da kwalli a idonsa. Akwai mai tabon ƙuna daga wuya zuwa ƙirji, yana dariya. Dukkansu mutane ne masu rai da suka yarda suka tuɓe riga a gabansa, kuma yawancinsu maza ne irinsa, waɗanda aka yi ta gaya musu tun suna yara cewa ba su cika maza ba.

Zan faɗi dalilin da ya sa yake wannan zane, ko da zai ɓata wa wasu rai. Mun zo ƙasar nan Bashir yana ɗan shekara tara, yaro mai jiki, mai sanyin murya. Da ya fara balaga sai ƙirjinsa ya tasa. Ba suna ko walimar da za mu je ba a sami wata Anti ta mintsine shi ta ce, cikin dariya, in saya masa rigar nono ba. Maza kuwa tafiyarsa suke kwaikwayo, su ce a mayar da shi gida a koya masa kokawa ko ya zama namiji. Wasu daga cikin masu wannan wasa suna cikin kwamitinku yau, ba sai na kama suna ba. A wurinsu raha ce. Shi kuwa ya koma saka riga biyu a tsakiyar zafi, ya daina shiga ruwa, ya daina tsayawa a hoto. Yana ɗan shekara goma sha shida ya daina cin abinci. Ni da nake ciyar da rabin garin nan, ɗana ya ƙare a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Likitoci suna da sunan da suke kiran ciwon. Ni ban ma san yana kama namiji ba. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya rasu bai gama gane abin ba. A asibitin nan ne wata ma'aikaciya ta ba shi ɗan akwatin fenti da burushi, kuma da wannan akwati ya rarrafo ya dawo mana.

Sai maganar Darnell, mutumin da suke zaune tare. A gabana kukan ce "abokin hayarsa", wai don ku rage min kunya. Na gode, amma na san ko wane ne shi a wurin ɗana, kuma ku ma kun sani. Ni ba malama ba ce, ban zo yin fatawa ba. Abin da ke tsakanin Bashir da Ubangijinsa yana can, kuma abin da nake faɗa wa Allah a kan sallayata game da shi ba na zauren WhatsApp ba ne. Abin da na sani shi ne, tun da suka haɗu ɗana yake cinye abin da ke cikin kwanonsa.

Mafi girma a cikin zanen da na kawo muku na su biyun ne. Darnell yana zaune a kan matakalar bayan gida da gajeren wando, Bashir yana kwance ya ɗora kai a cinyarsa, ido a rufe, da tawul ɗaure daga cibiya zuwa gwiwa. Ƙirjinsa yana nan yadda yake, tumbinsa yana nan, har da layukan da fata ke yi idan ta miƙe. Hunturu guda ya ɗauka yana aikinsa. Shi ne karo na farko da ya zana kansa. Ranar da ya nuna min, na kawar da kai, ba zan yi ƙarya ba. Da na sake dubawa sai na ga ɗan tabon da ke kafaɗarsa, na faɗuwa daga keke a Zariya, ya sa shi daidai inda yake. Na ce a raina, ashe yaron nan ya iya tsayawa ya kalli jikinsa har ya ga wannan. Na shiga mota na yi kukan farin ciki.

Na uku, abin da na tarar ranar Asabar.

Ta ƙofar kicin na shigo da kulolin masa. Tun kafin in ajiye, mata suka yanyame ni, har da mai guɗa, wai ɗana ya burge, wai ba su san haka ya iya ba. Zuciyata ta yi fari. Na goge hannu na fita in gani.

Dattijon nan mai tumbi na fara hangowa. Yana sanye da babbar riga ta shuɗiyar shadda. Ba zana masa aka yi ba, ƙyalle ne na gaske aka yanka daidai jikinsa, har da ɗan aiki a wuya, aka manna. Siririn nan mai kwalli an sa masa kaftani da hula. Mai tabon ƙuna an rufe shi har maƙogwaro, dariyarsa kaɗai aka bari. Na tsaya na kasa gane abin da nake kallo. Na ce wa kaina, kwafi ne suka buga a inji suka yi wasa da shi, na ainihin suna ajiye. Da na matsa sai na ga takardar ta kumbura ta yi tudu da kwari. Gam ɗin da aka shafa, irin farin nan na ruwa, ya jiƙa ta, launin fatar ya narke ya tsiyayo daga ƙarƙashin shaddar ya bushe a haka. Na waiga na ga gilasan firam ɗin an jingine su a bayan lasifika.

Mutane sun fi taruwa a gaban babban, har layi ake yi ana ɗaukar hoto. Na kutsa na shiga. An sa wa Darnell farar shadda da hula. Wanda ke kwance kuwa an ɗaura masa zanin atamfa, an sa masa rigar leshi, an ɗora masa ɗankwali, an manna masa 'yan duwatsu a kunne. An jawo bakin gyale an rufe ɗan gemunsa. An cire katin sunan zanen da Bashir ya rubuta da hannunsa, an sa wani da aka rubuta "Ango da Amarya".

Alhaji, na tsaya a gaban zanen. Ina jin kiɗa, ina jin wata tana ce min in matsa gefe na shiga hotonta. Ɗana ne a kwance a wurin, fuskarsa ce, ba a rufe ta ba. Wasu a layin ba su gane ba, na yarda. Wasu kuwa sun gane sarai, na ga masu dariya a bayan mayafi, kuma sun san na gan su.

Sai ga Malam Isuhu tela ya ƙaraso yana murmushi yana murza hannu, yana jiran yabo. Ya ce kwamiti ne ya kira shi tun ranar Alhamis ɗin, aka ce ya taimaka ya suturta su, ya ture ɗinkin mutane ya yi kwana biyu a kai, ko sisi bai karɓa ba. Na nuna ɗankwalin na tambaye shi wannan fa. Ga amsar da ya ba ni, kalma da kalma:

"Hajiya, ai ƙirjin na duba, na ga kayan mata sun fi zama a kai. Kuma an ce in gyara yadda ba za a yi surutu ba."

Malam Isuhu shi ya yi ta ɗinka wa Bashir kayan Sallah tun yana yaro. Ya san fuskar nan. Ban yi masa faɗa ba, don na ga har ga Allah shi a ganinsa alheri ya yi mana, ya rufa mana asiri. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na juya in tare ƙofa kafin Bashir ya iso, amma na makara. Ya riga ya shigo, shi kaɗai. Darnell ya tsaya a mota, don kada zuwansa ya takura wa kowa. Kai kuma, Alhaji, kana ganinsa ka ɗauki makirufo, ka ce ga gwarzonmu, ka ce wannan yaro ya nuna wa duniya kyawun suturar Bahaushe. Aka yi tafi. Aka buɗe masa hanya har gaban bangon.

Ya tsaya yana kallo. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya sa farce ya ɗan ɗaga gefen ɗankwalin, sai fatar takardar ta biyo shi da launin goshinsa a jiki. Ya mayar ya danne da yatsa. Ka miƙa masa allon yabo, ya karɓa da hannu biyu yadda na koya masa karɓar abu daga babba, ya ce ya gode. Ya ajiye shi a kan kujera ya fita. Aka ci gaba da rabon abinci.

Na huɗu, maganar tsiraici da kuka fake da ita.

Ka ce min a waya taro ne na iyali, akwai yara, akwai malamai, ba za a rataya tsiraici ba. To, ni ma na yi makarantar allo, na san iyakar al'aurar namiji, daga cibiya zuwa gwiwa. Ku nuna min zane ɗaya a cikin waɗanda na kawo da ya buɗe wannan wuri. Babu. Sannan a bangon nan dai, taku kaɗan daga zanen Bashir, kun rataya ƙaton hoton 'yan dambe, ƙirji a waje, ga gumi, ga ɗan warki da ƙyar ya rufe abin da ya kamata. A ƙarƙashinsa yara suka yi ta tsayawa suna dunƙule hannu. Me ya sa Malam Isuhu bai ɗinka musu riga ba? Shaddar ce ta ƙare?

Ku daina cewa tsiraici. Ƙirjin namiji bai dame ku ba muddin mai tauri ne kuma yana shirin naushin wani. Abin da kuka kasa kalla shi ne namiji mai tumbi da bai ji kunyar tumbinsa ba, da namiji mai kwalli, da namijin da ya kwantar da kai a cinyar wani namiji ya samu barci. Kuna da damar ku ƙi, ban hana ku ba. Taronku ne, bangonku ne. Lambata tana wayar kowannenku, kuna kirana idan ana son masa ɗari biyu. Da kun kira ranar Alhamis kun ce Hajiya, zo ki ɗauki kayanki, ba su dace da mu ba, da na zo na kwashe, ba mai ji. Da na gaya wa Bashir wurin ne ya yi kaɗan. Da kun juya su sun kalli bango ma, da sauƙi. Amma kun so sunansa da ya shiga jarida, ba ku so shi ba, sai kuka nemo almakashi da gam.

Ina aikin kula da wata tsohuwa a Irving Park. Bangon gidanta cike yake da zane, wasu ni kaina ba na son kallonsu. Shekarata nawa a gidan, ko ƙura ban taɓa goge musu ba sai na tambaya. Ba don ta fi ku daraja ba, don kayan ba nawa ba ne. Amana kuka karɓa daga hannuna. Wannan ba sai an je makarantar zane ake saninsa ba.

Na biyar, abin da nake nema.

Ka ce min a waya kada in damu, za ka sa Malam Isuhu ya ɓamɓare ƙyallayen ya goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Alhaji, don girman Allah kada kowa ya sake taɓa su. Fentin ruwa ne, jiƙaƙƙen tsumma zai kwashe ɗan abin da ya rage. Ku bar su a kwance yadda suke, da atamfarsu da ɗankwalinsu. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo in ɗauka da kaina. Bashir ne zai yanke abin da za a yi da su, idan ya iya kallonsu.

Ina so a goge hotunan nan daga zaurenmu, kuma duk wanda ya tura wa 'yan uwa a gida ya bi sawu ya ce a goge. Ƙanwata ta kira ni daga Zariya tana tambayar wai bikin wa aka yi.

Allon yabonku yana kan kujerar da ya bar shi, ko a wurin wanda ya tsinta. Ku riƙe abinku. Ba aikin Bashir kuka yaba ba, na Malam Isuhu ne, sai ku ba shi.

Sannan ina so kwamiti ya ba Bashir haƙuri a fili, a zaurenmu na WhatsApp, a gaban waɗanda suka yi dariyar, da sunansa. Ba irin haƙurin "idan an ɓata wa wani rai" ba. Ku ce mun karɓi amana mun lalata, mun sa wa ɗan mutane kayan mata a gaban jama'a, mun yi kuskure. Ban nemi ku canza ra'ayinku a kan rayuwarsa ba. Kada kuma a ɗora wa tela laifin shi kaɗai, aiki aka ba shi. Mutane sun ba ni shawarar lauya, na ce su dakata, domin da ku nake sallar Idi, kuma ku za ku ɗauki gawata idan ta Allah ta kasance a ƙasar nan.

Abu na ƙarshe ba roƙo ba ne, so nake ku san inda kuka bar mu.

Ranar Talata Darnell ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce tun ranar Asabar Bashir bai ci abin kirki ba, ya kulle garejin, kuma ya koma saka riga biyu. Na dafa tuwon shinkafa da miyar taushe na kama hanyar McLeansville. Na same shi a zaune a falo. Na zuba masa, ya riƙe cokali yana juya miyar, irin juyin da na sani, wanda na ɗauka na rabu da ganinsa har abada. Bai ɗora min laifi ba, bai ce ni na sa shi ya kawo ba, da ma ya faɗa da na ji sauƙi. Bashir da Turanci yake amsa min magana tun yana sakandare. Amma a ranar, da Hausa ya yi min tambayar, a hankali, bai ɗago kai ba:

"Mama, da kika gan ni da ɗankwalin nan, ba ki ji sauƙi ba? Ba haka kika fi so ba?"

Kafin in haɗa kalma, ya ɗauki shirun nawa a matsayin amsa. Ya ajiye cokalin ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Na yi magana ta jikin ƙofar har muryata ta dushe, ban san ko ya ji ba. Takarda za a iya sayen wata. Amma kun sa ɗana yana zargin uwarsa da cewa ta fi son a rufe shi, kuma yana zaune da yunwa a kan wannan zargi.

Na san wani zai tura masa wannan takarda, don haka zan amsa masa a nan, a gaban duk waɗanda suka yi layi.

Bashir, ban ji sauƙi ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Namiji na haifa, ni na yi wa jikin nan wankan farko, na san kowane lungu nasa kafin ka sani, kuma ban taɓa ganin abin gyara a cikinsa ba. Akwai abubuwan da ban gama ganewa ba a rayuwarka, ba zan yi maka ƙarya a gaban mutane ba. Amma yaron da ke kwance a zanen nan kafin a taɓa shi, mai tumbi, mai ƙirji, wanda ya samu barci, shi nake so, shi na roƙa a wurin Allah a bakin gadon asibiti. Gobe zan dawo da kunun gyaɗa. Ka buɗe min ƙofa.

Alhaji, da ku 'yan kwamiti, Allah Ya ba ku ikon faɗin gaskiya, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya shirya mana zuriya. Allah Ya raya muku 'ya'yanku cikin ƙoshin lafiya, kada Ya nuna wa ɗayanku ranar da zai zauna a gaban ɗansa yana roƙonsa ya haɗiyi loma ɗaya.

Wassalam.

Taku,
Hajiya Binta, mahaifiyar Bashir
Greensboro